Wa ya gwada tayar tubles a keken dutse kafin gasa?

Ɗan Rayfield:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Damina ta kusa ɗaukewa, gasannin da muke shiga kuma da kaka ake fara su. Na sayi wili biyu masu inci 29 da tayoyi masu faɗin 2.3, an rubuta TR a gefensu, ina so in rabu da tub. Lokaci ne ke damuna: in sauya yanzu in saba da su, ko in bari sai an gama gasa? Don Allah wanda ya hau tubles a irin ƙasarmu ya faɗa mana abin da idonsa ya gani.

Na Maraɗi:
Wa alaikumus salam. Ƙanina, sauya yanzu, kada ka jira. Mu nan tsidau da ƙayar bagaruwa su ne suka hana mu sakat. Da ina kan tub, da wuya in fita daji in dawo ban zauna gindin bishiya ina faci ba. Ranar farko da ƙaya ta soki tubles ɗina na ji tsss, farin ruwan nan na toshe huda da ake zubawa a cikin tayar yana fesowa yana ɓata mini ƙafa da jikin keke. Na sauka, na juya tayar ramin ya koma ƙasa, kafin in gama shan ruwa ya toshe. Ko famfo ban ciro ba. Daga baya da na buɗe tayar don in ƙara ruwa, sai ga ƙayoyi birjik a ciki, kowace ƙaya roba ta daskare a gindinta. Ban ma san lokacin da suka shiga ba.

Sai dai zafi yana cinye ruwan. A bazara nawa bai kai wata biyu ba ya bushe ya zama dunƙulen roba. Ka riƙa ɗaga wilin kana girgizawa kusa da kunne. In ba ka ji motsin ruwa ba, to babu mai tsaronka.

Mai Gyaran Keke:
Alhaji Na Maraɗi ya faɗi gaskiya, amma fa rabin tubles ɗin da ake kawo mini yana sacewa, laifin tef ne, ba na taya ba. A goge cikin rim tas, a ja tef ɗin da ƙarfi ya kwanta ba kumburi, ya rufe duk ramukan sifok, a huda wurin bawul da ɗan tsinke kawai. Sannan a shafa ruwan sabulu a leɓen tayar, a kwance zuciyar bawul domin iska ta shiga da yawa lokaci guda. Famfon hannu ba kasafai yake iya zaunar da ita ba, injin iska ya fi. Za ka ji ƙas, ƙas, leɓen ya hau. Kada ka wuce 40 psi a ma'aunin iska, kuma ka tsaya a kan mai injin, don ya saba da tayar mota da ta babur.

TR ɗin da ka gani yana nufin sai da ruwan toshe huda. Tsarin tubles na UST da kamfanin Mavic na Faransa ya fito da shi a 1999 tayarsa tana riƙe iska ko babu ruwa, amma tana da nauyi. Na yanzu masu TR sun fi rashin nauyi, gefensu kuma yana tsatsar iska har sai ruwan ya shafe shi. Zuba kamar mililita 90 zuwa 100 a kowace, ka girgiza, ka kwantar da wilin ta kowane gefe. In ka tashi da safe ka ga ta ragu, kada hankalinka ya tashi, ƙara iska ka hau. Wannan kaɗai ya isa dalilin da ba a haɗa tubles ana gobe gasa.

Ɗan Bukuru:
Ni abin da ya ja ni ba ƙaya ba ce, riƙon ƙasa ne. Da tub nakan cika sama da 30 psi don tsoron dutse ya matse shi da rim ya yi huda biyu. Yanzu gaba 23, baya 26, nauyina kilo 72. A gangaren duwatsun Shere tayar tana lanƙwasa ta kama dutsen, hannu ma ya daina yin sanyi da girgiza. Na sauke gaba zuwa 19 don in ga iyakarta. A kwana mai kaifi leɓen ya ɗaga, iska ta fita fus lokaci guda. Kowa da lambarsa, kuma sai a hanyar da za a yi gasar ake gano ta. Nemi ma'aunin iska na kirki, yatsa ba ya bambance 22 da 26.

Malamin Makaranta:
Ku yi haƙuri, bari in kawo ɗaya gefen. Dutse mai kaifi ya taɓa yanka mini gefen tayar baya, tsawon gaɓar yatsa. Ruwan ya tsiyaye ƙasa duka, igiyar robar da ake cusawa a rami ma ta ƙi zama. Dole na sa tub. Nan ne aikin yake: goron bawul ya ƙi kwantuwa da hannu mai santsi, sannan sai na bi cikin tayar da yatsa na zare tsofaffin ƙayoyin da Alhaji ya ambata ɗaya bayan ɗaya, in ba haka ba su huda sabon tub nan take. Yankan kuma na toshe shi daga ciki da takardar kuɗi a ninke. Har yanzu tubles nake hawa, amma tub da famfo ba sa barin jakata. Ruwan kuma daga waje ake kawo shi, da tsada, a sa shi a lissafi.

Ɗan Rayfield:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Asabar zan haɗa in sha Allah, in fara da lambobin Ɗan Bukuru tunda nauyinmu kusan ɗaya ne. Maigida, faɗin cikin rim ɗina milimita 30 ne, wane tef zan nema?

Mai Gyaran Keke:
Mai 32 ko 33, ya hau bangon rim ta gefe biyu. Ka zo da wilin da safe kafin shago ya cika.