Wutar da ba ta buƙatar iska

Malam Idi: Jama'a, raina ya ɓaci. Jiya a fada wani yaro da na koya ma fizik ya yi mini dariya don na ce fashewar hasken gamma, wato haske mai tsananin ƙarfi da ido ba ya gani da ke zuwa daga can sararin samaniya, daga ƙwallon wuta take fitowa. Tun 1967 taurarin ɗan'adam na Amurka masu suna Vela suka gano ta. Idan babban tauraro ya rushe, abin da ya feso yakan yi cunkoson da haske ba ya iya kutsowa, sai ya buɗe tukuna hasken ya kuɓuce da alamar zafinsa, kamar ƙarfen maƙeri da ya yi ja. Na'urar hangen sararin samaniya ta Fermi ta ga irin haka a fashewar Satumba 2009. Wai ni za a yi wa dariya!

Sani Ɗan Gulbi: Malam, da girmanka, wace wuta? Sararin samaniya babu iska, wuta kuwa sai da iska.

Hajiya Rabi: To rana fa, Sani? Da mahuci ake hura ta?

Sani Ɗan Gulbi: Rana ba wuta ba ce, Hajiya, ba ta cin itace.

Lawali: Kuran, wato lantarki, ma wuta muke ce mishi, kuma ba ya cin itace. Kwana biyu ke nan babu ita a unguwarmu, ku zo ku yi wannan gardamar cikin duhu.

Musa Damagaram: Ku tsaya. Masana da yawa cewa suke hasken daga elektaron yake, wato ƙananan ƙwayoyin lantarki masu gudu suna lanƙwasa cikin ƙarfin maganaɗisu, ba daga zafi kaɗai ba. Har yau ba a raba gardamar ba.

Lawali: Mutumin Damagaram zai koya mana zafi? Zo Maradi a watan Afrilu.

Musa Damagaram: Ina ruwan garinmu? Kullum haka kake.

Sani Ɗan Gulbi: Ni dai a janye kalmar wuta. A ce tiriri.

Hajiya Rabi: Tiriri sai tukunyar dambu, ɗana.

Malam Idi: Ba wanda ya karanta abin da na rubuta.

Shugaban zaure: Na taƙaita. Malam Idi malamina ne, kuma ya kawo shekaru, don haka wuta ce, kowa ya amince. Maganar maganaɗisu ba ta samu goyon baya ba. Yaron nan ya je ya ba da haƙuri.

Musa Damagaram: Kowa? Yaushe aka tambaye ni?