Dattawa sun karɓe makirfo a coci: tsoro ne ko hankali?

Ɗan Sabon Tasha: 'Yan tsohuwar unguwa barkanmu da yamma. A cocinmu wani yaro ya tashi lokacin shaida, an shiga ƙauyensu ta wajen Kajuru an tafi da ƙanwarsa, yana magana yana kuka har bakinsa ya kai ga cewa duk Bafillace ɗan ta'adda ne, kar wanda ya sake sayen nono a hannunsu. Da ma muna haska sujada kai tsaye a Facebook, wani ya yanko daidai wurin, kafin dare bidiyon ya zagaya gari. Yanzu dattawa sun yanke cewa ba mai ba da shaida sai ya fara faɗa wa sakatare abin da zai ce, kuma a kashe kyamara lokacin shaida. Ni dai na ce tsoro ne kawai. In mutum bai yi kuka a gidan Allah ba a ina zai yi?

Mama Zumunta: Ɗana kai ba a haife ka ba a 1987. Watan Maris, a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, wa'azi ɗaya ne a taron ɗalibai Kirista ya jawo gardama, kafin a ankara wuta ta iso Kaduna da Zariya har Funtuwa, an ƙona majami'u ba iyaka. 2002 kuma rubutu ne a jaridar ThisDay kan gasar sarauniyar kyau ta duniya, sama da mutum 200 suka tafi a garin nan. Lokacin fa ba kowa ke da waya ba balle bidiyo.

Ɗan Sabon Tasha: Mama da girmanki, amma wanda ya ɗauko fetur shi ne mai laifi ba wanda ya yi magana ba. In muka bi wannan lissafin to duk mai galan da ashana shi zai riƙa zaɓa mana abin da za a faɗa ranar Lahadi kenan.

Mama Zumunta: Ban ce mai fetur ba shi da laifi ba. Na ce mu muka binne mutane.

Lauyan Barnawa: Bari in raba muku abu biyu don kuna cakuɗa su. Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ba ka 'yancin addini, na 39 ya ba ka 'yancin faɗin albarkacin baki, amma na 45 ya ce ana iya yin doka ta taƙaita su saboda tsaro da zaman lafiyar jama'a. Wannan tsakaninka da gwamnati ne. Makirfon coci kuwa na ikilisiya ne, dattawa su ce ga wanda zai riƙe shi ba su taka maka wani sashe ba, ka fita bakin titi ka faɗi naka. Kuma ku tuna 2016 da El-Rufai ya kawo ƙudurin lasisin wa'azi, wanda asalinsa dokar soja ce ta 1984, ƙungiyar Kiristoci ta CAN da PFN, ƙungiyar majami'un Pentikostal, suka tashi tsaye har PFN ta je kotu, mu ma nan cewa muka yi gwamnati ta cire hannu mu za mu iya kula da bagadinmu. To ga shi an fara kula kuma kuna ihu.

Malam na Rigasa: Ni baƙo ne a maganar coci amma ku bar ni in sa baki tunda tare muka tashi kafin rikicin 2000 ya raba mu, ku kuka haye gada mu muka tsaya nan. Wallahi yaron nan ya ba ni tausayi, Allah ya dawo da ƙanwarsa lafiya. Amma baiwar Allahn da ke tallar nono a kasuwar Sabo me ta yi masa? Su ma ana kwashe musu shanu ana sace musu 'ya'ya. Ku je Birnin Gwari da Giwa ku tambaya wa ake ɗauka, ɗaliban Kuriga da aka kwashe a Maris 2024 ba a tambaye su addini ba. Mu ma muna da masu hawa mumbari su yi irin wannan jam'un, kuma ban taɓa jin daɗin yadda muke kawar da kai ba.

Nas ta Kakuri: Malam gaskiyarka kan mai nono, maganar yaron ba daidai ba ce kuma ya kamata Fasto ya gyara ta nan take a gaban kowa, da an yi haka da bidiyon ma ya fita da gyaran a ciki. Ni inda nake tare da ƙanena Ɗan Sabon Tasha shi ne maganar sakatare. Yau ƙabila ce za a tace, gobe wata ta zo za ta ce an sace mijinta kuma an kira jami'an tsaro ba su zo ba, sakatare ya ce a'a Mama wannan siyasa ce, musamman in ɗan majalisar da ya sayo mana janareta yana zaune a kujerar gaba. Kar a ce ba za a yi ba, mun san kanmu. Bishop Kukah da ya yi saƙon Kirsimeti na 2020 ya soki gwamnatin Buhari, wata ƙungiya a Sakkwato ta ce ya nemi gafara ko ya bar jihar, su ma kalaman ƙiyayya suka kira shi. Kowa abin da ya sosa masa rai shi yake kira ƙiyayya, shi ya sa da Sanata Sabi Abdullahi ya kawo ƙudurin nan na hana kalaman ƙiyayya na 2019 mai hukuncin rataya a ciki ƙasa ta ɗauki zafi.

Lauyan Barnawa: Amma Yaya ki lura, Kukah gwamnati ya kama da suna kan abin da ta yi. Bai ce a daina ciniki da wata ƙabila ba.

Nas ta Kakuri: Na sani. Ina tambaya ne ko sakatarenku ya san bambancin.

Dattijo: Tunda ina cikin waɗanda suka zauna bari in yi magana. Tun bam ɗin cocin St. Rita a Oktoba 2012 ba mu sake yin sujada ba tare da an tare layi da durom an caje jaka a ƙofa ba, kuma masu tsayawa a ƙofar nan yaranmu ne 'yan birged, ƙungiyar samarin coci, ba bindiga ba komai sai na'urar caje. Bidiyon nan allon cocinmu ya fito a ciki ɓaro-ɓaro. Wanda ya yi sharhi daga Legas ko Ingila yana cewa yaro ya burge shi, ba shi zai tsaya a ƙofa ran Lahadi ba. Ba mu hana kowa cewa an kashe masa mutum ba, iyayen ɗaliban Bethel Baptist da aka sace a 2021 ai duniya ta ji kukansu kuma daidai ne. Mun ce ka faɗi abin da aka yi da inda aka yi, kar ka ɗora wa ƙabila ko addini.

Ɗan Sabon Tasha: Baba ai ba haka aka karanta a sanarwa ba, cewa aka yi duk shaida sai ta bi ta hannun sakatare, ba a faɗi me aka hana ba me aka bari ba. In wannan ne nufinku a rubuta shi haka, kuma kar ya zama mutum ɗaya ne mai yanke hukunci.

Mama Zumunta: Nan kam yaron ya yi gaskiya. A sa mace ɗaya daga zumuntar matan coci da matashi ɗaya.

Dattijo: Ku zo da shi a rubuce ran Laraba bayan addu'a, ban yi alkawarin sauran dattawa za su yarda ba.

Lauyan Barnawa: Zan tsara muku, layi huɗu ya isa.

Ɗan Sabon Tasha: To madalla, amma batun kyamara har yanzu ban yarda ba. Masu ƙauye sau da yawa bidiyon coci ne kaɗai ke sa a san an shiga garinsu, jarida ba ta zuwa can. A naɗa a ajiye, a duba, sannan a saka, wannan zan kawo ran Laraba.

Dattijo: Wa zai duba?

Ɗan Sabon Tasha: Ba sakatare ba dai Baba.