Wai da gaske ana gadon rashin garkuwar jiki?

Maman Twins:
Salam yan uwa. Dan Allah masu ilimin lafiya ku taimaka min. Yayata ta rasa yara maza biyu duk basu kai shekara ba, daga gudawa sai nimoniya sai farin abu a baki da baya jin magani, an gwada ƙanjamau ita da mijin babu, yaranta mata uku kuwa lafiyarsu ƙalau. Yanzu likita yace wai ƙila matsalar garkuwar jiki ce ta gado. Dangin miji kuma sun dage mayu ne. Ga shi tana da ciki.

Ɗan Lab:
Wa alaikumussalam, Allah ya jiƙansu. Eh ana gado sosai. Yadda kika ce maza kawai yake kamawa yasa na tuna SCID, wato tsananin rashin garkuwar jiki da ake haihuwar jariri dashi, wanda yafi yawa a cikinsa ƙwayar gado ce mai suna IL2RG take lalacewa, tana kan kuromosom X, ɗaya daga cikin zarurrukan da ke ɗauke da ƙwayoyin gado a jikin mutum. Mace X biyu gare ta, ɗaya ya samu matsala ɗayan ya rufa asiri, shi yasa uwar garau take. Namiji X ɗaya tak kuma daga uwa ya samo, to duk cikin namiji rabi da rabi ne. Amma ban ga yaran ba fa, gwaji ne zai raba gardama.

Hajiya Nas:
Ƙanwata, yayar taki da mijin yan uwa ne? Dan akwai nau'in SCID masu zuwa kamar sikila, sai uwa da uba duk suna ɗauke dashi, irin na ƙwayoyin gado masu suna ADA da RAG, auren zumunci na ƙara haɗarinsu. Abu mafi muhimmanci ta faɗa wa likitan yara tun kafin haihuwa, saboda BCG (rigakafin tarin fuka) da ɗigon foliyo ƙwayoyi ne masu rai, jaririn da ake zargin SCID akan dakata masa sai an gwada jininsa. Shi kaɗai nake nufi, kar wani yace nas ta hana rigakafi.

Maman Twins:
Ba dangin iya bare na baba Hajiya. Toh yana da magani?

Ɗan Lab:
Dashen ɓargo, tun 1968 aka fara dacewa dashi a Amurka, kuma yafi kyau a yi kafin jariri ya kai wata uku da rabi. Yayyensa matan ma za a iya duba ko ɓargon wata ya dace. Akwai tsada gaskiya. Ku fara da asibitin koyarwa ku tafi da katunan yaran da suka rasu.