Wanda rufe boda ya taɓa rutsawa da shi, ya zo ya ba mu labari

Malamin Firamare, Daura:
Assalamu alaikum. Tun da Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025 ake ja-in-ja a majalisarmu. Wasu na cewa tunda sun fita, a ɗaure iyaka tamau, duk mai shigowa ya nuna biza kamar yadda ake mana idan za mu Saudiyya. Wasu na cewa wane mutum, wa zai tambayi kawunsa biza? Abin da na lura, masu ɗaga murya yawancinsu ba su taɓa kwana a bakin shinge ba. An rufe bodar nan tamu da Nijar a Agustan 2019, an sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023. Wanda abin ya shafa ya faɗi abin da idonsa ya gani. Ban da sharhin rediyo, ban da zagin shugabanni.

Direban Kwangwalam:
Wa'alaikumussalam Malam. Daura zuwa Matamaye zuwa Damagaram ta bodar Kwangwalam, nan ne hanyata. Da aka rufe a 2019, mutum ko ɗaya bai fasa tafiya ba, mu dai aka cire daga cinikin. Fasinja zai sauka kafin shinge, 'yan kabu-kabu na jira a gindin bishiya, su bi da shi ta cikin gero, can gaba wata mota ta ɗauka. Tafiyar da ake biya sau ɗaya ta koma biya uku. Tsohuwa da ƙullin kayanta a bayan babur cikin rairayi, in ta faɗi ta tashi ta karkaɗe zane. Yaran da a da ke yi mana lodi su suka sayi sababbin babura a shekarar, ni kuwa na sayar da tayoyin baya na ci abinci.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga boda, a Nuwamban 2019. Mu 'yan Najeriya ne, a Najeriya muke kwana, amma sai ka tafi nesa neman mai ko ka saya a galan wurin 'yan bumburutu. Mai injin niƙa a Mai'aduwa, me ya haɗa shi da shige da fice?

Maman Yusra, Ƙofar Marusa:
Ni ta 2023 ce ta same ni. Mahaifiyata 'yar Maraɗi ce, can take zaune. Aka bugo cewa jiki ya yi tsanani, ga shi an rufe Magama, bodar da ke Jibiya. Daga Katsina zuwa Maraɗi ba ta kai kilomita ɗari ba, a da in ka fita da safe a can za ka yi azahar cikin natsuwa. Ranar nan ƙanen maigidana ya raka ni Jibiya, muka hau babura biyu. Ɗan acaɓar ya ce, Hajiya ki cire ɗan kunne ki sa a bakin zane, wayar ma ki kashe. Ban tambaye shi dalili ba, kowa ya san waɗanda ke cikin dajin nan. A hanya muka tarar da igiya an gitta, wasu samari zaune a kan benci, ba kaki ba takarda, sai mun ba su na goro suka sauke. Haka har wuri uku kafin mu ga kwaltar Ɗan Isa a ɓangaren Nijar.

Na isa bayan isha'i, garin duhu ɗulum, don lokacin an yanke musu wutar da ke zuwa daga Najeriya. Da fitilar waya na ga fuskarta. Allah ya sa na same ta da rai, har ta gane ni. Wata maƙwabciyata ba ta yi wannan sa'ar ba, a waya aka yi mata gaisuwar mahaifinta.

Malamin Firamare, Daura:
Allah ya saka da alheri, Hajiya. Ya jikin Inna yanzu?

Maman Yusra, Ƙofar Marusa:
Ta rasu bayan azumin da ya biyo, Malam. Lokacin an buɗe, na je ta hanya.

Manomin Fadama:
Allah ya jiƙanta. Amma ku bar ni in faɗi nawa ko ba zai yi daɗi ba. Ni rufewar 2019 ta yi min rana. Kafin nan shinkafar da ake saukewa a Kwatano, a zagayo da ita ta Maraɗi, ita ta cika kasuwa, tamu 'yar Hausa sai ka roƙi mai saye. Da aka rufe, har gona ake biyo mu. A shekarar na yi rufin kwano na aurar da ɗiyata. Kuma ku daina yi kamar ba ku san tun faɗuwar Gaddafi a 2011 makamai ke gangarowa ta hamada ba. Gidan da ba ƙyaure, kowa ma shiga yake. Ban ce a hana zumunci ba, amma a san wa ya shigo, ina za shi, yaushe zai fita.

Ɗan Jibiya:
Baba, da girmanka, amma ɗan bindiga bai taɓa bin layi a Magama ba. Shekarun da bodar ke rufe su ne shekarun da aka fi kwashe mana mutane da shanu. Mutanen ƙauyukanmu da yawa Nijar suka gudu, yankin Maraɗi ya karɓi dubban 'yan gudun hijira daga Katsina da Zamfara da Sakkwato tun 2019. Gwaggona na cikinsu. Da sun ce sai da biza, da yanzu wani labarin ake. Kuma ka tuna, da aka buɗe boda huɗu a Disamban 2020, Seme da Illela da Maigatari da Mfum, ba tamu a ciki. Sai Afrilun 2022 aka waiwayo Jibiya. Kasuwarmu ta daɗe ba ta farfaɗo ba. Shinkafar waje kuwa ba ta daina shigowa ba, buhu bibbiyu a kan babur cikin dare, kuɗinta ne kawai ya tashi.

Manomin Fadama:
To ai ka faɗa da bakinka, kuɗinta ya tashi. Nan ne ni na samu.

Tsohon Ɗan Ci-rani:
Ni daga ɗaya ɓangaren zan yi magana, inda ni ne baƙon. Na yi leburanci a Tamanrasset, a kudancin Aljeriya. Da na tafi, motoci na tashi daga Agadas da rana tsaka, kowa na gani. Sai Nijar ta yi dokar 2015 ta hana safarar bakin haure, Turai na matsa mata lamba tana ba ta kuɗi. Aka kama direbobi, aka ƙwace motoci. Masu tafiya ba su ragu a idona ba, sai dai direba ya daina bin hanyar da ke da rijiyoyi, don a nan ake tsaro. In mota ta lalace a sabuwar hanyar, sai dai Allah. Sojojin Nijar sun soke dokar a Nuwamban 2023.

Dawowata ba da son raina ba ne. A wurin aiki aka kwashe mu, ko kuɗin satin ban karɓa ba. Aka zube mu a hamada aka nuna mana gabas da yamma, muka taka kusan kilomita 15 zuwa Assamaka, garin Nijar da ke bakin iyaka da Aljeriya. A ayarinmu akwai mata 'yan Kance da goyo, Kancen nan da ke bayan Kwangwalam. Mutanensu ne akasarin 92 ɗin da aka tsinci gawarsu a hamada a Oktoban 2013, amma ga su sun sake fitowa, don rumbu ba komai. Tun daga ranar, in na ji mutum a teburin mai shayi yana cewa a kwashe baƙi a mayar, sai in dube shi kawai. Bai san yadda ƙishi ke kumbura harshe ba.

Dattijon Zango:
Yara, wannan ba sabon abu ba ne. A 1983 gwamnatin Shagari ta kori baƙi marasa takarda, ana ta maganar 'yan Gana, amma 'yan Nijar da yawa sun tafi a ciki. A 1984 aka rufe boda lokacin canjin kuɗi, ba a buɗe ba sai 1986, ga fari ya zo a kai. Har yau tsofaffin Nijar na kiran yunwar shekarar El-Buhari. Da idona na ga mata suna tsallakowa da dare da ƙwarya, neman dussa. Mahaifina yana ba su, ya ce mana gonarsa ma rabinta a can take, Bature ne ya ja layi ta tsakiya bai tambayi kowa ba. Ni dai abin da zan yarda da shi, a yi rajista. Mai unguwa ya san baƙon da ya sauka a unguwarsa, kamar yadda ake yi a da.

Hajiya Mai Atamfa:
Baba, rajistar da wace takarda? Mai gadina Buzu ne, ya fi shekara goma a ƙofata, ba shi da ta can ba shi da ta nan. Mai kawo min ruwa ɗan Tasawa ne. Ni kaina da aka haifa a Unguwar Alkali sai da na sha wuya kafin in samu lambar NIN. In aka ce yau kowa ya nuna shaida, 'yan ƙasa za a fara kamawa.

Direban Kwangwalam:
Hajiya, ki dai ce masa ya je gida ya yi katinsa. Ko da suka fita, ECOWAS ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin 'yan Nijar ba biza har sai an sake sanarwa. Amma a ɓangarensu yanzu ana duba takarda sosai fiye da da. Duk mai bina Damagaram ina gaya masa tun a tasha, ya riƙo katin ɗan ƙasa, na ainihi ba hoto a waya ba, in da yara a zo da takardar haihuwarsu. Wanda bai da shi, ba na ɗauka.