Neman sunan Hausa ga darasin da Turawa ke kira "role play"

Assalamu alaikum malamai 'yan uwana. Ina koyar da Ingilishi a aji huɗu na wata firamare da ke ƙauyen ƙaramar hukumar Taura, kuma yaran da ke gabana sun kusa 90, alhali tsarin ilimi na ƙasa ya tanadi yara 35 ga malami ɗaya. A irin wannan aji, idan aka ce kowane yaro sai ya miƙe shi kaɗai ya yi magana, to za a tashi darasi rabinsu ba su buɗe baki ba. Dabarar da ta fi yi mini amfani ita ce in raba su bibbiyu, ɗaya ya zama mai tumatir a kasuwar Gujungu ranar Lahadi, ɗayan ya zama mai saye, su yi ciniki da harshen da ake koyo, dukkansu a lokaci guda. Sunan wannan dabara nake nema, domin har yau da kalmar Turanci muke rubuta ta a littafin shirin darasi.

Da yawa sun ce a kira ta wasan kwaikwayo, kuma na san dalilinsu, amma ban gamsu ba. Wasan kwaikwayo yana da dandali da 'yan kallo da zancen da aka haddace, ita kuwa wannan ba mai kallon kowa, kuma yaro da kansa yake ƙirƙiro abin da zai faɗa daga 'yan kalmomin da aka rubuta a allo. Ban da haka, duk wanda ya koyar a karkara ya san abin da uba zai ɗauka idan 'yarsa ta koma gida ta ce yau wasan kwaikwayo suka yi a makaranta. Fim zai faɗo masa a rai, washegari kuma yana ofishin hedimasta.

Wata malama da muka yi karatu tare a Kwalejin Ilimi ta Gumel ta kawo tashe, tana mai cewa a Tsoho da Gemu ko Jatau Mai Magani ai yara matsayin wasu suke ɗauka. Malama, hujjarki tana da ƙarfi, sai dai tashe na watan azumi ne, da waƙarsa da sadakarsa, kuma bai kamata mu ɗora masa kayan da ba nasa ba.

Abin da na tsaya a kai shi ne wasan mu-ƙaddara. Daga bakina yaran suka ciro shi, domin kullum da haka nake fara darasin: mu ƙaddara kai ne direban mota, ke kuma fasinja ce za ki Ringim. Wata rana na shigo aji sai na ji suna roƙo, Malam, a yi mu-ƙaddara. Ginin kalmar ba baƙo ba ne a Hausa, tun da muna da ka-ce-na-ce da a-ci-balbal, inda jimla sukutum ta zama suna.

Wani dattijon malami ya ja hankalina cewa mai karatu zai iya rikita ta da ƙaddara ta hukuncin Allah, kuma wannan gyara ne da na ɗauka da muhimmanci. Amsata, ranka ya daɗe, ita ce wakilin sunan "mu" da ke gabanta ya riga ya nuna aikatau ce, kamar yadda alƙali ko mai lissafi ke cewa mu ƙaddara kaza ya faru, ba wanda ke fahimtar wani abu daban. Saboda haka a rubuce kada a yar da "mu" ɗin, kuma a riƙa sa karan ɗori a tsakani.

Daga wannan zango haka zan rubuta shi a shirin darasina. Malaman da ke koyar da Larabci a Islamiyya, ina roƙon ku gwada sunan a azuzuwanku, ku faɗa mana ko ya zauna a bakin yaranku.