Abin da aka tattauna kan tsohon farantin Spode mai furanni

An yi ta tattaunawa kan wani tsohon farantin tangaran mai furanni: wa ya yi shi, yadda aka sa furannin, shekarunsa da yadda za a wanke shi. Na tattaro abin da jama'a suka faɗa, don zancen ya yi tsawo:

1. Kowa ya yarda tangaran ɗin na Spode ne, kamfanin da Josiah Spode ya kafa a Stoke-on-Trent, Ingila, wajen 1770.

2. Furannin ba da hannu aka zana su ba. Ana sassaƙa zanen a farantin tagulla, a buga a siririyar takarda, a manna a jikin tangaran kafin a gasa. Duba da kyau, za ka ga inda takardar ta haɗu.

3. Shekarun farantin ne aka rabu a kai. Wasu sun ce tambarin Copeland & Garrett, sunan da kamfanin ya koma amfani da shi, na nufin an yi farantin tsakanin 1833 da 1847. Wasu sun ce in akwai kalmar "England" a tambarin, bayan 1891 aka yi shi.

4. Wankewa kuwa, ruwan ɗumi kawai, ban da bilic.