Neman kalma: me za mu kira "static analysis" da "linter" da Hausa?

Malamar Aji: Assalamu alaikum. Ranar Asabar zan koya wa ɗalibaina ESLint, kayan aikin da ke duba kurakurai a kod ɗin JavaScript, kuma da Hausa muke darasi. Sunan aikin (static analysis) da sunan kayan aikin (linter) ne suka tsayar da ni. Abin ba ya tayar da manhaja. Karanta kod yake yi, ya yi masa li'irabi, ya mai da shi bishiya mai rassa, sannan kowace ƙa'ida ta tsare irin reshen da ya shafe ta. Misali, ƙa'idar eqeqeq tana jiran inda aka rubuta == ta ce a sa ===. Rabin darasin a kan yadda za su rubuta tasu ƙa'idar ne. A taimaka min kafin daren Juma'a.

Abu Hanan: Wa alaikumus salam. Bincike a tsaye.

Ɗan Damagaram: A'a, Yaya. In Bahaushe ya ce mutum a tsaye yake kan aiki, himma yake nufi. Ɗalibi zai ɗauka bincike ne mai tsanani. Abin da ba ya motsi a kwance yake, kamar kuɗin da aka ajiye ba a juya su. Binciken kod a kwance.

Tsohon Tafinta: Na yarda da "a kwance". Kayan aikin kuwa sunansa matsinci. Stephen Johnson ya rubuta lint, kayan aikin da kalmar linter ta samo asali daga gare shi, a cibiyar bincike ta Bell Labs a 1978 don yaren kwamfuta na C, sunan kuma daga ɓurɓushin zaren da ke maƙalewa a tufafi ya fito. Su ma daga cikin gida suka ɗauko kalmar. Ku tuna mace ta zuba wake a faifai, tana ture shi da yatsa, tana fid da tsakuwa da ruɓaɓɓen ƙwaya tun tukunya ba ta hau wuta ba. Ba sai an dafa ake gane tsakuwa ba. Matsinci, jam'i matsinta.

Malamar Aji: Baba, hoton ya yi kyau, amma mai tsintar wake zubar da tsakuwar take yi. ESLint nunawa yake yi, layi kaza, ƙa'ida kaza. Ba ya taɓa komai sai an ba shi umarnin gyara na --fix, nan ma sai ƙa'idar da aka rubuta mata gyara. Kuma wani lokaci wake mai kyau yake nunawa ya ce tsakuwa ce.

Abu Hanan: Wannan dole ne. Tun 1953 Henry Rice ya tabbatar babu manhajar da za ta yanke hukunci daidai a kan halin kowace manhaja. Don haka ko kayan aikin ya yi ƙarar banza, ko wani kuskuren ya wuce shi. To me zai hana mu ce mai darasu? A tsangaya ɗalibi yakan kai allonsa, malam ya bi rubutun da alƙalami, ya nuna wasalin da aka tsallake.

Tsohon Tafinta: A bar wa allo kalmarsa. Kuma darasu Larabci ne. Ita ma li'irabin da Malama ta faɗa ban so ta ba.

Ɗan Damagaram: Ranka ya daɗe, in za mu kori Larabci, darasi da ƙa'ida da misali duk sun tafi. Mu a nan da Faransanci muka koyi aikin, kuma Faransawan da ke alfahari da harshensu linter suke cewa. Ni dai linta.

Tsohon Tafinta: Su ta shafa. Shekara da shekaru ina fassara, na ga yadda ake yi: kowa ya ce aro ya fi sauƙi, sai yaro ya tashi yana ganin Hausa ta kasuwa ce da zaure, ba ta kai ɗakin kwamfuta ba. Abin yana min ciwo ƙwarai.

Abu Hanan: Ba raina harshe ba ne, Baba. Yarinyar da ta koyi matsinci, ran da kod ya ƙi mata, me za ta rubuta a Google?

Malamar Aji: Don Allah mu dawo. Ga jimlar da na gwada: "Ƙa'ida ƙaramin fayil ce. A cikin aikin da ake kira create za ka faɗi sunan reshen da kake jira, kamar CallExpression, wato inda aka kira wani aiki. Duk inda linta ya iso irin reshen sai ya kira aikinka, in ka ga laifi ka kai ƙara da context.report." Da na sa matsinci a wurin, "kai ƙara" bai zauna ba. Don haka aikin zan kira shi binciken kod a kwance, kayan aikin linta. Amma da faifan waken Baba zan buɗe darasin, in rubuta matsinci a allo, in ga wanda bakinsu zai kama.

Tsohon Tafinta: Ban gamsu ba, 'yata, amma ajinki ne. Ki dai rubuta matsinci a sama, linta a ƙasa.

Ɗan Damagaram: Saura plugin, wato ƙunshin ƙa'idojin da ake ɗora wa ESLint daga waje. Dami? Ƙunshi?

Malamar Aji: Ƙunshi zan sa ranar Asabar. Wanda ke da wadda ta fi, ya kawo.